Kantiri-rok: yadda masu tara faifan garmaho ke tono waƙoƙin da kasuwa ta yi watsi da su

A shekarar 1974 wani mawaƙin Amurka mai suna Gene Clark ya fitar da faifan waƙoƙi mai taken No Other. Kamfanin Asylum ya kashe sama da dalar Amurka 100,000 wajen ɗaukarsa, kuɗi masu yawa a wancan zamani, an kuma tara ma shi ƙwararrun makaɗan birnin Los Anjeles. Sai dai faifan bai yi kasuwa ba. A jerin faya-fayan da suka fi ciniki, wanda mujallar Billboard ke wallafawa kowane mako, a matsayi na 144 ya tsaya, kuma a 1976 kamfanin ya daina buga shi. Clark ya rasu a watan Mayun 1991 yana da shekaru 46, bai ga ranar da aikin nasa zai samu karɓuwa ba.

A watan Nuwamban 2019, shekaru 45 bayan fitowarsa, kamfanin 4AD na birnin Landan ya sake buga faifan, masu sharhi kan kiɗa kuma suka sa shi cikin sahun ayyuka mafi kyau na zamaninsa. Tsakanin 1976 da 2019 waƙoƙin ba su canza ba. Abin da ya faru shi ne wasu mutane ƙalilan sun riƙe faifan a gidajensu, suna saurare, suna ba abokai aro, suna yi ma shi talla baki da baki, har labari ya kai kunnen matasan mawaƙa da masu kamfanoni. Waɗannan mutane su ne masu tara faifan garmaho, kuma salon kiɗan da ake kira kantiri-rok na daga cikin wuraren da suka fi yin haƙa.

Mene ne kantiri-rok?

Wanda ya yi zamanin kaset ya san muryar Don Williams ko Kenny Rogers ko Dolly Parton, ko da bai san sunan salon kiɗan nasu ba. Shi ne kantiri, kiɗan mutanen karkarar kudancin Amurka: manoma, makiyaya, direbobin manyan motoci da ma'aikatan haƙar gawayi. Waƙoƙinsa kan yi magana a kan kewar gida, mutuwar aure, talauci da addini. Cibiyarsa birnin Nashville ne na jihar Tennessee.

Kayan kiɗansa ba baƙi ba ne sosai ga kunnen Bahaushe. Akwai irin gogensu. Akwai banjo, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka suka ƙirƙiro a nahiyar Amurka, dangi ne na molo da gurmi. Sai kuma wata gita da ake shimfiɗawa kamar ƙaramin teburi, makaɗin na zaune yana jan wani gajeren ƙarfe a kan tsirkiya, yana taka fedoji da ƙafa, sautin na fita kamar kuka. Wannan gita ita ce tambarin kiɗan kantiri.

Shi kuwa rok kiɗan samarin birni ne, mai ganguna da gitar lantarki da ƙara. A ƙarshen shekarun 1960 wasu matasa a jihar Kalifoniya suka fara haɗa su biyun. Gungun The Byrds, wanda Gene Clark na cikin waɗanda suka kafa shi kafin ya fice a 1966, ya tafi Nashville a watan Maris na 1968 ya fara ɗaukar faifan Sweetheart of the Rodeo. Wanda ya fi tura su ga wannan hanya wani matashi ne da bai daɗe da shiga gungun ba, Gram Parsons. A cikin wannan shekara Clark ya haɗa kai da makaɗin banjo Doug Dillard suka fitar da The Fantastic Expedition of Dillard & Clark. A 1969 Parsons da Chris Hillman, waɗanda suka bar The Byrds suka kafa gungun The Flying Burrito Brothers, sun fitar da The Gilded Palace of Sin, inda har suka ɗauko waƙoƙi biyu daga kiɗan baƙar fatar Amurka suka rera su da kayan kiɗan kantiri. Waɗannan faya-fayai uku su ne harsashin ginin.

Jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba

Babu ko ɗaya cikin ukun da ya yi kasuwar kirki. Faifan The Byrds ya tsaya a matsayi na 77, alhali a 1965 gungun ya riƙe matsayi na ɗaya da waƙoƙinsa. Na The Flying Burrito Brothers kuwa a na 164 ya tsaya.

Babban dalili shi ne tsarin gidajen rediyon Amurka. Kowace tasha na da salon kiɗa guda da take sakawa, kuma masu ba ta talla sun san irin mutanen da ke saurarenta. Tashar rok ta ji kukan gitar teburi ta ce wannan kiɗan ƙauyawa ne. Tashar kantiri ta dubi hoton samarin da dogon gashi ta ce waɗannan ba nata ba ne. A zamanin da babu intanet, faifan da rediyo ba ta saka ba kamar hajar da ba a kai kasuwa ba ce.

Akwai kuma siyasa. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, kuma Amurkawa sun rabu gida biyu. Galibin masu sauraren kantiri na goyon bayan gwamnati da sojoji, su kuwa samari masu dogon gashi su ne ke zanga-zangar adawa da yaƙin. A ranar 15 ga watan Maris na 1968 The Byrds suka hau dandalin Grand Ole Opry, shirin rediyo na kai tsaye da ake yi a Nashville tun 1925, wanda ke zaman fadar kiɗan kantiri. Sun rage gashinsu don girmama wurin, amma duk da haka wasu ƴan kallo suka yi masu ihu. Bayan ƴan watanni Parsons ya fice daga gungun, ya ce ba zai bi su yin wasa a Afirka ta Kudu ba saboda mulkin wariyar launin fata. Faifan ya fito a watan Ogusta, wanda ya fi kowa sa hannu a cikinsa ba ya nan.

Inda wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Makaɗin gita da banjo Bernie Leadon ya yi aiki da Dillard & Clark, ya yi da The Flying Burrito Brothers, sannan a 1971 ya shiga cikin mutum huɗu da suka kafa gungun Eagles. Su Eagles sun tace salon, suka rage ma shi kaushi, suka sa muryoyi masu daɗin amshi, sai rediyo ta karɓa. Kundin fitattun waƙoƙinsu da ya fito a 1976 an tantance cinikinsa ya kai kwafi miliyan 38 a Amurka a shekarar 2018. Kamfanin da ya buga Eagles shi ne Asylum, wanda ya janye faifan Gene Clark daga kasuwa a cikin wannan shekara ta 1976. Shi kuwa Parsons tun a watan Satumban 1973 ya rasu sakamakon shan ƙwaya fiye da kima, yana da shekaru 26.

Ina faifan da bai saidu ba yake zuwa?

Faifan da ake magana a kai shi ne babban baƙin faifan roba mai faɗin santimita 30, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948. Yana juyawa sau 33 da ɗan ɗoriya a minti ɗaya, shi ya sa masu jin Faransanci ke kiransa "33 tours". Kowane gefe na ɗaukar kiɗan minti 20 da ƴan kai. Sautin na cikin wani siririn layi da aka tsaga a jikin robar, allura na bi tana karantawa.

A wancan zamani kantunan Amurka na da damar mayar wa kamfani faifan da ya kwanta masu. Kamfani kuwa ba ya son biyan kuɗin sito a kan kayan da ba su tafiya. Sai ya yanke kusurwar kwalin, ko ya huda shi, don kada wani ya sake mayar da shi a kan cikakken farashi, ya sayar wa dillalai a kan kuɗi ƙalilan. Daga nan faifan zai faɗa kwandon arha a bakin kanti. Galibin yarjejeniyoyin lokacin ba su ba mawaƙi ko tamma a kan irin wannan ciniki. Har yau masu tarawa na cin karo da kwalaye masu yankakkiyar kusurwa, shaidar cewa faifan ya taɓa yin kwantai.

Bayan fitowar faifan CD a 1982, iyalai da yawa sun kwashe tsofaffin faya-fayansu suka kai kantunan kayan hannu da kasuwannin ƙarshen mako, irin wuraren da ake saida bosho da tsofaffin kwanoni. Gidajen rediyo ma suka zubar da nasu. Kamfanoni sun mayar da fitattun waƙoƙi kan CD, amma dubban faya-fayan da ba su yi kasuwa ba babu wanda ya waiwaye su. Ga irin waɗannan, tsohon faifan roba shi ne kaɗai wurin da waƙar ta rage a hannun jama'a.

Yadda masu tarawa ke aiki

Mai tara faifai kan shafe sa'o'i a durƙushe gaban kwalaye yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba zai iya sauraren duka ba, saboda haka idonsa ne ke fara yin aiki. Yana juya kwali ya karanta sunayen da ke baya: wane ne ya kaɗa gita, wane ne ya shirya kiɗan, a wane situdiyo aka ɗauka, a wace shekara. In ya ga sunan makaɗin gitar teburi kamar Sneaky Pete Kleinow ko Red Rhodes a faifan wani mawaƙin da bai taɓa jin labarinsa ba, sai ya saya. Daga wannan faifai zai samu sababbin sunaye, su kuma su kai shi ga wasu. Haka ake bin sawu, kamar yadda mai neman asalin wani gida ke bi daga kaka zuwa kaka. Ta wannan hanya mutane da yawa suka gano faya-fayan da Michael Nesmith ya yi daga 1970, mutumin da duniya ta sani a matsayin ɗan wasan talabijin na gungun The Monkees, ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba.

Mataki na biyu shi ne tantance bugu. Faifai ɗaya kan iya samun bugu da yawa a ƙasashe dabam-dabam. Kusa da takardar tsakiya, inda layin kiɗa ya ƙare, akwai wasu lambobi da haruffa da aka zana a jikin robar. Su ne ke nuna ko wane bugu ne, wani lokaci har da masana'anta da injiniyan da ya yanka. Bugun farko ya fi daraja, domin galibi shi ya fi kusa da tef na asali. Kwafin da kamfani ya aika wa gidajen rediyo kyauta, mai farar takarda, shi ma ana nemansa.

Na uku shi ne lafiyar faifan. Masu saye da sayarwa na da ma'auni da suka amince da shi, daga wanda bai taɓa hawa garmaho ba zuwa wanda ya sha ƙarzuwa. Tsaga ɗaya mai sa allura tsalle na iya karya farashi ƙwarai. Tun shekarar 2000, rumbun bayanai na Discogs, wanda aka kafa a birnin Portland na Amurka, ya zama wurin da masu tarawa ke rubuta kowane bugu da lambobinsa, ake kuma ganin nawa aka sayar da irinsa a baya.

Sai dai tarawa kaɗai ba ta raya waƙa. Faifan da aka kulle a kabad bai da bambanci da wanda ke cikin sito. Abin da ke raya shi shi ne a sa wani ya ji. A da mai faifai kan naɗa wa abokinsa waƙoƙin da ya zaɓa a kaset. Mai kanti kan ɗora faifan da yake so a garmaho ya bar shi yana juyawa har mai saye ya tambayi wane ne wannan. Akwai bukukuwan baje kolin faifai, akwai ƙananan gidajen rediyon jami'o'i da ba ruwansu da masu talla, akwai kuma zaman saurare a gida, wanda bai da nisa da zaman fada a bakin butar shayi: kowa ya zo da abin da ya tsinto, a saurara, a yi gardama. A cikin wannan duniya girman mutum ba a yawan faya-fayansa yake ba, a yawan abin da ya sa wasu suka sani yake.

Ta irin wannan hanya No Other ya kai hannun matasan mawaƙa. A 2014 mawaƙan gungun Beach House suka tara abokan sana'arsu suka zaga wasu biranen Amurka suna rera waƙoƙin faifan takwas daga farko har ƙarshe. Bayan shekaru biyar aka sake buga shi.

Daga kwandon arha zuwa sabon bugu

Akwai faya-fayan da ko kwandon arha ba su kai ba. Su ne waɗanda mawaƙi ya biya kuɗin bugawa daga aljihunsa, ko wani aboki ya biya ma shi, aka yi kwafi ƴan ɗaruruwa ana sayarwa a wurin wasa. Misalin da aka fi sani shi ne na Jim Sullivan, mawaƙin da ke wasa a wani kulob a gaɓar tekun Kalifoniya. A 1969 abokansa suka haɗa kuɗi aka ɗauki faifansa mai suna U.F.O. tare da wasu daga cikin manyan makaɗan situdiyo na Los Anjeles. Bai je ko'ina ba. A watan Maris na 1975 Sullivan ya ɗauki motarsa ƙirar Volkswagen ya nufi Nashville neman sa'a. Ya yada zango a garin Santa Rosa na jihar New Mexico, daga baya aka tsinci motar a daji ba kowa ciki, kuma har yau ba a gan shi ba. Masu tarawa ne suka riƙa yaɗa waƙoƙinsa har kamfanin Light in the Attic na birnin Seattle ya nemo iyalinsa, ya sake buga faifan a 2010.

A 2016 kamfanin Numero Group na birnin Shikago ya fitar da wani kundi mai suna Wayfaring Strangers: Cosmic American Music, wanda ya tattaro waƙoƙin kantiri-rok daga irin waɗannan ƙananan bugu. Mawaƙan cikinsa kusan babu wanda ya taɓa yin suna a wajen garinsu.

Aikin irin waɗannan kamfanoni ya fi na bugawa kawai. Dole su gano wanda ke da haƙƙin mallakar waƙar, su nemo mawaƙin ko magadansa, a sa hannu a takarda, sannan a nemo tef na asali. Sau da yawa tef ɗin ya ɓace. A watan Yunin 2008 gobara ta cinye wani sito na kamfanin Universal a Kalifoniya tare da ɗimbin tef na asali na mawaƙa da yawa. In babu tef, sai a koma ga mai tarawa a ari kwafi mafi lafiya a kwashi sautin daga jikinsa. A nan ne mutumin da ake yi wa kallon mai ɓarnar kuɗi a kan tsofaffin kaya ke zama ma'ajin tarihi.

Kasuwa ma ta juyo. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka sun nuna cewa a 2022 an sayar da faifan roba miliyan 41 a ƙasar, CD kuma miliyan 33, karon farko da roba ta wuce CD tun 1987. Wannan ne ya sa sake buga tsohon faifai ya zama sana'ar da ke iya riƙe kanta.

Wa ke cin riba?

A nan ne gizo ke saƙar. Idan tsohon faifai ya yi suna, farashin bugun farko kan tashi ninki ba ninki. Amma dokar Amurka, kamar ta ƙasashe da yawa, ta ba wanda ya sayi faifai damar sake sayar da shi ba tare da ya biya mawaƙi komai ba. Ko nawa aka saye shi, kuɗin na dillali ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka nan idan wani ya ɗora waƙar a intanet ba izini, ko ya yi bugun sata, sunan mawaƙi zai yaɗu amma aljihunsa ba zai ji ba.

Hanya ɗaya da kuɗi ke komawa gida ita ce sabon bugu da aka yi da izini, ko saka waƙar a fim da talla da manhajojin saurare bisa yarjejeniya. Ko a nan ma sai an duba wanda ke riƙe da haƙƙin. Faifan da babban kamfani ya biya kuɗin ɗaukarsa galibi na kamfanin ne, kuma tsarin da aka saba shi ne sai kamfani ya fanshe abin da ya kashe kafin mawaƙi ya fara karɓar kasonsa. Wanda ya buga da kuɗinsa shi ne ya fi samun sauƙi, tunda bai sayar wa kowa haƙƙinsa ba.

Akwai kuma matsalar lokaci. Gene Clark da Gram Parsons sun rasu kafin a yaba masu yadda ya kamata. Linda Martell, baƙar fata mace ta farko da ta yi waƙa a dandalin Grand Ole Opry a 1969, ta fitar da faifai guda ɗaya a 1970, Color Me Country, daga nan harkar ta tsaya mata, har ta yi aikin tuƙa motar ƴan makaranta. Sai a 2024, tana da shekaru sama da 80, mawaƙiya Beyoncé ta sa muryarta a kundinta na Cowboy Carter, matasa suka fara neman tsohon faifan nata.

Daga Abijan zuwa Yamai

Labarin bai tsaya a Amurka ba. A 1985 wasu matasa biyu ƴan Kodibuwa, Jess Sah Bi da Peter One, suka ɗauki faifai a Abijan mai suna Our Garden Needs Its Flowers. Sun haɗa salon kantiri da waƙoƙin gida, suna rerawa da Faransanci da Ingilishi da harshen Guro, suna sukar wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Sun yi tashe a Afirka ta Yamma har suna cika filayen wasa. Daga baya Peter One ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya zama ma'aikacin jinya, ya zauna a Nashville shekaru da dama ba tare da masu harkar kiɗan garin sun san ko shi wane ne ba. A 2018 kamfanin Awesome Tapes From Africa ya sake buga faifan da izininsu. A 2023 Peter One ya fitar da sabon faifai, ya kuma yi waƙa a shirin Grand Ole Opry, shekaru 55 bayan ihun da aka yi wa The Byrds a cikinsa.

Nijar ma na da nata misali, ko da yake salon kiɗan dabam ne. A 1978 Mamman Sani Abdoulaye ya ɗauki kiɗan da yake yi da ogan na lantarki ƙirar Italiya a gidan rediyon ƙasa. An fitar da shi a kaset ƙalilan. Shekara da shekaru ƴan Nijar na jin kiɗan nan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san sunan mai shi ba. Wani Ba'amurke mai tara kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a wani ma'aji a Yamai, ya nemo Mamman Sani, kuma a 2013 kamfaninsa na Sahel Sounds ya buga shi a faifan roba da taken La Musique Électronique du Niger. Bayan nan Mamman Sani ya yi wasanni a Turai, aka kuma fitar da wasu ayyukansa da suka daɗe a ajiye.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai biyu shi ne an tarar da kwafi guda da bai lalace ba, an kuma tarar da mai waƙar aka yi magana da shi. A gidaje da yawa na Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai kwalayen kaset da faya-fayan da iyaye suka bari, cikinsu har da waƙoƙin makaɗan gargajiya da na gungunan zamanin Samariya waɗanda ba lalle ne akwai wani kwafinsu a wani wuri ba. Zafi na lanƙwasa faifan roba, shi ya sa ake jera shi a tsaye cikin inuwa, ba a kwance wani kan wani ba, ba kuma kusa da rufin kwano ba. Ƙurar hunturu na shiga layin kiɗa ta cinye shi, gara na cin kwalin da sunayen makaɗa ke jiki, zaren kaset kuma na manne wa juna in ya daɗe cikin zafi. Naɗar sautin a kwamfuta ko a salula tare da ɗaukar hoton kwalin gaba da baya na ceton abu mai yawa.

Idan kuwa wani mai saye ya zo, yana da kyau a san cewa sayar da faifai ko kaset dabam ne da sayar da haƙƙin waƙar da ke ciki. Wanda ya sayi kaset ya mallaki roba ce kawai. Sake bugawa na bukatar izinin mawaƙin ko magadansa a rubuce, da bayanin kason da za su samu da tsawon lokacin yarjejeniyar. A Nijar hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA ce ke da alhakin wannan fanni, kuma a can ne mawaƙi ko iyalinsa ke rajistar ayyukansu kafin a sa hannu a kowace takarda.